Kyamara daga get zuwa gareji: yadda aikin ke tafiya

9 ga Nuwamba 2024

Da awo aka fara, ba a shiga kasuwa ba tukuna. Gidan a Kano yake, ba bene ba ne, get ɗinsa yana kallon yamma. Daga get zuwa ƙofar gareji mita 14 ne, faɗin hanyar motar mita 3.5, an shimfiɗa mata intalok. Tsayin katanga mita 2.4. A jikin get akwai ƙaramar ƙofa ta masu shigowa da ƙafa, ta ɓangaren arewa. Ginshiƙin baranda na ƙarshe yana gefen kudu na hanyar, mita 8 daga get.

Abu uku maigidan yake so. Na farko, fuskar duk wanda ya shigo ta ƙaramar ƙofa, dare ko rana, yadda za a iya nuna shi a ce wane ne. Na biyu, ganin abin da ke faruwa a kewayen mota idan tana fake. Na uku, lambar motar baƙo. Aiki uku ne daban-daban, kuma kyamara ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba, komai yawan megafiksel ɗin da aka buga a jikin kwalinta.

Ma'aunin da muke bi shi ne na IEC 62676-4, bugun 2014, wanda ke ƙirga fiksel nawa, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, ke sauka a kan kowace mita ta faɗin abin da ake kallo. Fiksel 25 a mita ya isa a san akwai mutum. Da 125 za ka gane wanda ka riga ka sani. Tantance baƙon fuska kuwa sai 250. Kyamara mai megafiksel 4 tana da fiksel 2560 a faɗi, wasu 2688. Abin da ya rage shi ne sanin faɗin wurin da idonta ke kwasa a daidai nisan get.

Ido, wato gilashin gaban kyamara, mai milimita 2.8 yana buɗewa digiri 100 da ɗan ɗoriya. Idan aka kafa shi a gareji, a nisan mita 14 zai kwashi faɗin kusan mita 35, fiksel 2560 su rarrabu a kai, kowace mita ta samu wajen 73. Za a ga mutum ya shigo, a ga kalar rigarsa, shi ke nan. Ido mai milimita 6 yana buɗewa digiri 53 ko kusa da haka, faɗin da yake kwasa kusan daidai yake da nisan. Daga gareji zai ba da wajen 183, bai kai ba. Amma daga ginshiƙin baranda, mita 8, zai ba da wajen 320. Don haka kyamarar fuska za ta zauna a ginshiƙi da ido mai milimita 6, ta biyu mai 2.8 ta zauna a kusurwar gareji tana kallon filin gaba ɗaya, har da ƙarƙashin ta farko inda ita ba ta gani.

Ku riƙa duba digirin da aka rubuta a takardar bayanin kyamara, kada ku tsaya a milimita kawai. Milimita 6 a kan babban sensa, wato ɗan allon da ke karɓar haske a bayan ido, ya fi milimita 6 a kan ƙaramin sensa buɗewa.

16 ga Nuwamba

An cire kyamarori masu batir daga lissafi. Barci suke yi sai na'urar jin zafin jiki ta tashe su, kuma wannan na'urar ta fi jin wanda ya gitta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. A hanyar mota kowa kai tsaye yake nufowa. Ga kuma zafin Maris da Afrilu, lokacin da iska da katanga ke kaiwa ko wuce zafin jikin mutum, sai na'urar ta rasa bambancin da take aiki da shi. Kafin kyamarar ta farka ta fara ɗauka, sau da yawa ƙeyar mutum kaɗai ake samu.

Masu Wi-Fi da ake jona wa wuta ma an ajiye su. Tsakanin ginshiƙi da inda rauta, na'urar raba intanet ta gida, take akwai bangon bulo uku. Tun da dole ne a ja wayar wuta zuwa wurin, gara a ja waya ɗaya mai ɗaukar wuta da hoto tare, wato PoE. Ƙa'idar 802.3af tana ba da wat 15.4 daga tushe, wajen 12.95 ya isa kyamara, kuma irin waɗannan ba sa cin fiye da wat 6 zuwa 8 ko da dare. Iyakar tsawon waya mita 100 ne, mu ko 25 ba za mu kai ba.

Sai siffa. Dom, mai kama da ƙwarya a kife, tana da murfin roba mai haske wanda ke rufe ido da fitilu wuri guda. Ƙura kaɗan ta hau murfin, hasken fitilunta ya dawo cikin ido, hoton dare ya yi fari fat. A garin da hunturu ke yin wata uku wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Bulet, mai dogon jiki, tana da kyau amma gizo-gizo na son yin saƙa a ƙarƙashin rumfarta, kuma sanda ɗaya ta isa a juyar da kanta. Mun tsaya a kan turet, wadda idonta da fitilarta kowanne da tagarsa, jikin ƙarfe, mai lambar IP67, wato mai jure ƙura da ruwa.

A kyamarar fuska mun fifita girman sensa a kan yawan fiksel. Megafiksel 4 a kan babban sensa 1/1.8 ya fi megafiksel 8 a kan ƙaramin 1/2.8 gani da dare, domin kowane fiksel ya fi girma, ya fi kamo haske. Buɗin ido F1.0 kuma yana shigar da haske ninki biyu da rabi na F1.6. Sai dai irin wannan idon yana da sharaɗi: abin da ke kusa ba ya fitowa tas, a wasu samfuran masu milimita 6 sai abu ya kai mita 6 ko 7. Ƙaramar ƙofar tana mita 8, ta shiga. Da ginshiƙin yana mita 4 da get, da wani idon za a nema.

Kamfanonin Hikvision da Dahua duka suna da irin wannan, kuma su aka fi samu a hannun masu sayarwa a nan. Abin da muka nace a kai shi ne kyamara da na'urar ajiya su fito daga kamfani ɗaya. ONVIF, tsarin bai ɗaya da masu ƙera kyamara ke bi, yana haɗa na kamfanoni daban-daban su nuna hoto, amma bambance mutum da mota da tsallake layi ba kullum suke wucewa ta wannan hanyar ba.

23 ga Nuwamba

Gwajin dare, kafin a huda bango. An ɗaure kyamarar a jikin katako, an jingina shi da ginshiƙi, an ja waya a ƙasa zuwa kwamfuta.

Tsayi aka fara gyarawa. A mita 2.6, ido yana sama da fuskar mai matsakaicin tsayi da mita ɗaya, a nisan mita 8 sunkuyon bai wuce digiri 7 ba, fuska tana fitowa gaba da gaba. Masu kafa kyamara can ƙarƙashin rufi kusa da ƙofa don kada a taɓa ta, saman hula da mayafi suke tarawa. Kariyar wannan kyamarar ita ce ta gareji da ke kallon ta.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne saurin ƙiftawar ido. Kamar yadda ta zo daga kamfani, da duhu ya yi kyamarar tana barin idonta a buɗe har kashi 1/25 na daƙiƙa, wasu har 1/12, don hoton ya yi haske. Filin yana fitowa gwanin sha'awa: intalok ɗaya bayan ɗaya, fentin get, har sakatar ƙofa. Mutum yana tsaye, fuska tas. Yana ɗaga ƙafa sai fuskar ta narke, ido da hanci su zama shafe ɗaya. Wannan shi ne hoton da ke ruɗar mai saye a shago, domin ba wanda ke motsi a cikinsa. Mun ɗaure ƙiftawar kada ta yi ƙasa da 1/100. Hoton ya yi duhu sosai, amma mai tafiya a hankali ya fara ganuwa. A 1/200 mai sauri ma ya ganu, sai dai duhun ya yi yawa, kyamarar ta ƙara ƙarfin sigina don ta rama, hoton ya cika da yashi-yashi. An kuma rage tace yashin daga inda yake zuwa wajen kashi 30, domin idan ya yi yawa yana barin inuwa tana bin bayan mai tafiya.

Hukuncin daren: kyamarar ta yi, hasken wurin ne bai isa ba. Za a ƙara fitila. Mitar wuta a saiti an mayar da ita 50Hz, irin ta ƙasar nan, in ba haka ba fitilun LED suna sa hoton rawa.

30 ga Nuwamba

Jan waya. Mita 22 zuwa ginshiƙi, mita 11 zuwa gareji, an bar rarar mita ɗaya a kowane ƙarshe. Wayar intanet ce samfurin Cat6, ta jan ƙarfe zalla. Kafin a biya kuɗi a feƙe zare ɗaya a kankare shi da wuƙa: idan cikinsa ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan tana riƙe wuta a hanya, tana kuma karyewa a bakin filogi. Alamarta sananniya ce. Kyamara ta yi aiki lafiya duk yini, da magariba ta yi, fitilunta suka kunna, cin wutarta ya ƙaru, sai ta mutu ta sake tashi, ta mutu ta sake tashi. Filogin da ba a matse da kyau ba ma haka yake yi.

Duk wayar tana cikin bututun roba na milimita 20, saboda rana da ɓeraye, an raba ta da wayoyin wutar gida da kamu ɗaya da rabi, inda dole su haɗu kuma gittawa suka yi. Jerin launi T568B a ƙarshen biyu: farin lemo, lemo, farin kore, shuɗi, farin shuɗi, kore, farin ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. An matse duka takwas, an gwada da na'urar gwaji kafin a rufe komai.

Mahaɗar waya tana cikin akwatin da kyamarar ke zaune a kai, an sa mata murfin roba mai zare da ke zuwa a kwali. Mutane da yawa suna yar da wannan murfin su naɗe da salatif, damina ɗaya filogin ya yi kore. Bututun ta ƙasa yake shiga akwatin, wayar kuma an lanƙwasa ta ƙasa kafin ta hau, don ruwa ya ɗiga kafin ya kai mahaɗa.

7 ga Disamba

Rana. Daga la'asar sakaliya zuwa magariba tana saukowa bayan get, mai shigowa ya zama baƙar inuwa. An sunkuyar da kyamarar har sama ta fita daga hoton, saman get ne iyaka. An kunna WDR, saitin da ke daidaita wurin haske da wurin duhu a hoto, a matsakaici, fuska ta dawo. An sa masa jadawali ya mutu da dare, domin a duhu yana ƙara yashi da inuwar motsi.

A wannan watan rana tana faɗuwa kudu da yamma, kyamarar kuma tana ɗan karkata arewa, don haka ba ta shiga ido kai tsaye. Wajen Yuni za ta koma arewa da yamma, daidai inda kyamarar ke kallo. Sai an sake duba wannan saitin a lokacin.

14 ga Disamba

Na'urar ajiya NVR ce mai kafa huɗu, biyu a cike, biyu na jira. Faifan ajiya terabayit 2, irin wanda aka yi don rubutu dare da rana, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk. Kowace kyamara tana aika megabit 4 a daƙiƙa da tsarin matse bidiyo H.265, wato gigabayit 43 a rana, biyun 86. Faifan zai riƙe kusan sati uku kafin ya fara taka na baya. Ɗauka ba tsayawa muka sa, alamar motsi don bincike kawai. Mai ɗauka sai an yi motsi yana tsallake daidai abin da za a zo nema.

Ba a ajiye NVR a falo kusa da talabijin ba, nan ɓarawo zai fara dubawa. Ba a sa ta cikin silin ba, zafi zai kashe faifan. Tana wani ɗaki a kan kanta mai shan iska. Kowace kyamara kuma an sa mata memori gigabayit 128 mai jure yawan rubutu, kusan kwana uku ke nan a cikinta ko da an ɗauke NVR.

Kalmar sirri doguwa, daban da ta rauta. An kashe UPnP, saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa intanet, ba a buɗe wata ƙofa a rauta ba, ta manhajar kamfanin ake kallo. Wannan ba tsoron banza ba ne: a 2016 cutar kwamfuta mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin ajiya a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani. Agogo an sa shi GMT+1, yana daidaita kansa ta intanet. Hoton da agogonsa ya kauce ba ya da ƙarfi a gaban hukuma.

Kyamara zubin hoto biyu take aikawa, babba da ƙarami. A wayar hannu ƙaramin zubi ake kallo, kilobit 512, wajen megabayit 230 a awa. Babban zubin gigabayit 1.8 yake sha a awa, wanda ya manta shi a buɗe zai ga datarsa ta ƙare.

Kyamarar gareji, saboda faɗin idonta, tana leƙa saman katanga ta hango tagar benen maƙwabci da wani yanki na tsakar gidansu. An rufe wurin da baƙin akwati a cikin saitin kyamarar kanta, yadda ba zai shiga faifai ba balle waya. An sanar da maƙwabcin, an nuna masa hoton. Haƙƙinsa ne, kuma da iyali a gidan. Makirfo ma an kashe shi.

28 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai, ya kuma nuna abin da gwajin Nuwamba bai nuna ba. Fitilar da ke jikin kyamara, fara ce ko IR mai hasken da idon mutum ba ya gani, tana haska ƙurar da ke shawagi dab da ido. Kowane ƙwayar ƙura ya zama farin ɗigo yana giftawa, kyamarar ta ɗauka motsi ne, wayar maigidan ta kwana tana ƙara. Ƙwari ma suna zuwa wurin hasken, gizo-gizo ya biyo su, zare ɗaya a gaban ido ya isa ya raba hoton biyu da farin layi.

Maganin shi ne raba haske da ido. An kashe fitilar kyamarar fuska gaba ɗaya. An kafa fitilar LED mai wat 10 a katangar arewa daga ciki, mita 3 daga ƙaramar ƙofa, tsayin mita 2.3, tana kallon ƙofar, bayanta ga kyamara. Ƙurar da ke gaban ido ta koma cikin duhu, ba a ganin ta, fuskar mai shigowa kuma ta samu hasken da ake nema tun Nuwamba. Yanzu ƙiftawa tana 1/150, hoton yana da kala, ana bambance shuɗiyar riga da baƙa. Kada a sa fitilar a saman get tana kallon gida. Bayan mutum za ta haska, ta kuma dalle kyamarar.

An kashe gano motsi na gama-gari. A madadinsa an ja layi a hoton, mita ɗaya cikin get, an ce a yi ƙara idan mutum ko mota ya tsallaka daga waje zuwa ciki, daga 11 na dare zuwa asuba. Mage da ledar da iska ke kaɗawa sun daina tayar da kowa. Ta gareji tana nan da IR ɗinta amma an rage ƙarfinsa, an kuma ɗan juya ta don farin bangon da ke gefenta ya fita daga hoton, domin shi yake dawo da hasken ya sa sauran filin ya yi duhu.

Gilashin ido ana hure shi da famfon iska tukuna, sannan a goge da tsumma mai laushi da ɗan danshi. Busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu karce gilashi yake yi. Sati-sati har hazo ya ɗauke.

11 ga Janairu 2025

Da aka bi layin ɗauka, wato layin da ke nuna lokutan da NVR ta ɗauki hoto, na sati biyu, an ga giɓi iri biyu. Gajeru, na minti biyu zuwa uku, duk lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareto: NVR ta mutu, ta ɗauki lokaci kafin ta tashi. Dogaye kuma daga wajen 3 ko 4 na dare zuwa safiya, a dararen da fanka da talabijin suka shanye batiran inbatar gida. Wato a lokacin da aka fi buƙatar kyamara, a lokacin take kashe.

Lissafin cin wuta: kyamarori biyu wat 12, NVR da faifai wajen 12, rauta 8, fitila 10, jimla wat 42. Awa 12 na dare wat-awa 504 ke nan. Ƙaramin UPS na kwamfuta batirinsa 12V 7Ah ne, wat-awa 84 a takarda, zai toshe gajeren giɓin amma ba zai kai ko'ina a dogon ba. Wasunsu ma ba sa karɓar wutar janareto idan tana hawa da sauka, sai su yi ta komawa batir har ya ƙare. Batir 12V 100Ah wat-awa 1200 ne, amma na dalma rabi ake ci idan ana so ya daɗe, 600, inbata kuma ta ci nata kason, a tsira da wajen 500. Ya yi daidai wa daida, babu rara, kuma batir raguwa yake yi da tsufa. An sa 150Ah da ƙaramar inbata mai caja, layinsu daban, ba soket ko ɗaya a kansa da wani zai jona abin cajin waya ko dutsen guga.

25 ga Janairu

Sati biyu babu giɓi a layin ɗauka. Buƙata ta farko da ta biyu sun samu.

Lambar mota da rana tana karantuwa daga kyamarar ginshiƙi, har ana bambance shuɗin rubutun motar gida da jan rubutun ta haya. Da dare babu. Mota tana shigowa da fitilunta a fuskar kyamara, lambar tana tsakanin fitilu biyu, wurin ya zama farin dunƙule. An gwada saitin danne hasken fitila, ya rage dallewar amma lambar ba ta fito ba. A 1/1000 ta fara fitowa, sai dai komai na filin ya baƙe, fuska ta tafi. Ba za a sayar da buƙata ta farko don ta uku ba. Fita ma ba ta taimaka, domin da baya motar ke fita, gabanta na kallon kyamarorin biyu har ta bar gidan.

Don haka kyamara ta uku za ta hau ginshiƙin get daga ciki, tsayin mita 1.5 zuwa 2, tana kallon gareji, ta kama lambar baya yayin da mota ta shige. Can babu manyan fitilu, sai jan haske da ƙaramar fitilar lamba. Ido mai zuƙowa, 2.8 zuwa 12, a matse shi a kan faɗin hanyar kaɗai, ƙiftawa 1/500, IR a rage sosai tun da lambar mota tana mayar da haske, karkata kuma kada ta wuce digiri 30. Wayarta za ta kai mita 34, ta bi gindin katanga a cikin bututu.

Wannan wayar ita ce mafi tsawo a waje, don haka ba za a jona ta ba sai an gama kariyar tsawa, kuma kafin ruwan farko: abin tare tsawa na wayar intanet a bakin NVR ga kowace wayar da ta fito daga waje, a haɗa su da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, tare da wani a layin wutar inbatar. An auna sandar gidan da ake da ita, mahaɗarta ta yi tsatsa, za a canza maɗaurin a mako mai zuwa kafin a haƙa ramin bututun.